Jar Fata a Bakin Wuta

Makera, Kaduna,
14 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga baiwata Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da 'yan makarantarki. Yaya jikin Kawu Bello? Idon nan nasa ya yi sauƙi kuwa? Mu nan lafiya lau. Uwargida Maryam ta ɗan sha zazzaɓi da saukar damina, amma ta miƙe, har ta dawo da faɗanta.

Na san za ki ce sai da buƙata nake tuna taubashiyata. To kin canka, kada ki ɓata tawada.

Kin san aikinmu a kamfanin nan na Kudenda, narka tsofaffin ƙarafa muke yi muna mayar da su rodin gini. Tun bara aka mayar da ni layin da rodi ke fitowa jawur. Safar hannun da muke sawa kuwa, in kika gan ta sai kin yi kuka. Ɗaya ce tsakanin mutum biyu, mai aikin safe ya cire ya miƙa wa na yamma, duk ta huje, sai mun naɗe yatsu da tsumma. Lokacin soja duk wanda ya buɗe baki, washegari a bakin get zai tarar da takardar sallama. Yanzu da farar hula suka hau, kowa ya sami baki. Shugaban yuniyon ɗinmu, wanda da ko tari ba ya yi gaban manaja, ran nan a kan durom ya tsaya yana cewa ba safa, ba aiki.

Manaja ya ce ta ƙasar waje ta yi tsada, a nemo ta gida. Aka ɗora nemowar a kan Mista Wilson, jami'in da ke kula da kariyar ma'aikata, muna ce masa Oga Sefti. Mutumin Kagoro ne, mai kirki, sai dai ba ya wasa da aiki. Ina jin haka bakina ya riga hankalina. Na ce ai ni ɗan gidan dukawa ne, kawuna a Sakkwato ba a haifi wanda ya fi shi sanin fata ba. Wilson ya ce in kawo samfuri ya gani.

Sadiya, ba don kamfani kaɗai nake wannan roƙo ba. Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya sa mini basilla a hannu don in gaje shi, na ajiye na taho Kaduna. Bai taɓa ce mini uffan ba, amma tun daga ranar, ko na zo hutu, bai sake cewa in zauna a rumfarsa ba. Abin yana cina. Ina so ko sau ɗaya in zo masa da abin da zai nuna ban raina sana'arsa ba.

Ki karanta masa wannan. Ya ɗinka safa wadda za ta kare hannu daga zafi. Na zana hannuna a bayan takardar nan saboda awo, kada ki ce ƙafar agwagwa ce.

Ubangidanki,
Zakariyya'u.


Sakkwato,
3 ga Yuli, 1999.

Zuwa ga bawan gidanmu Zakariyya'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. A gaida Maryam da jiki, Allah Ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Idon Baba yana nan yadda ka sani, da safe garau, in rana ta yi sai ya ce hayaƙi yake gani.

Zanen hannunka ba ƙafar agwagwa ba ce, faranti ne. Me kuke ci a Kaduna?

Da na taso daga makaranta na biya rumfa na karanta masa. Na gama na fara naɗe takardar. Can sai ya ce, "Mi yac ce game da ni wurin Ogan nasu? Koma wurin." Na sake karantawa. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya kifa tafinsa a kan zanen. Ya ce, "Hannun wanga yaro ya wuce nawa." Daga nan ya ce in tafi gida yara na jirana. Ni dai na san korata ya yi don kada in ga idonsa.

Washegari da ƙafarsa ya je majema, abin da ya daɗe bai yi ba. Suka kawo masa kirgi na sa, suka ce shi ne mai kauri. Ya ture, ya ce ɗan ƙanwarsa ba zai sa fatar takalmi a hannu ba. Jar fatar akuya ya zaɓa, wadda ta sha bagaruwa ta ƙoshi. Kwana da kwanaki yana zaune yana murza mata man gyaɗa har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Ya ninka ta biyu a tafi. Ya ce safa in ba ta kama hannu kamar fatar jiki ba, ai jaka ce, don haka ya bi zanenka yatsa-yatsa, ya kuma yi mata maɗauri a wuyan hannu don kada ta suɓuce maka kana aiki. Ni ke zura masa zare, shi yana ɗinki da lalube, kuma wallahi ko da gilashi ba za ka ga inda ya kauce ba.

Ya yi guda biyu-biyu kashi biyu. Ɗaya na Oganku, ɗaya naka, mai ɗan ado a baya. Na ba direban motar Kaduna tare da wasiƙar nan.

Zakari, ban da wasa, rabon da in ga Baba haka tun Inna tana da rai. Kasuwar dukanci ta mutu, roba ta cinye komai, yini yake yana korar ƙuda. Yanzu ga shi har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Allah Ya saka maka. Ka rubuto da wuri, kullum sai ya tambaya.

Uwargijiyarka,
Sadiya.


Makera, Kaduna,
21 ga Yuli, 1999.

Sadiya,

Salamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Saƙo ya iso. Wannan wasiƙa taki ce ke kaɗai, kada ki karanta ta a rumfa.

Da na buɗe ƙunshin, Maryam ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na sa tawa, ta zauna mini cif. A kamfani ma'aikata suka yi ta karɓa suna shafawa. Wilson ya daɗe yana duba ɗinkin, ya ce, "Kai, wannan baba ya iya aiki." Raina fari tas. Sai ya jawo durowa ya fito da wata safa ta ƙasar waje, toka-toka, mai kaushi, ƙatuwa kamar takalmin ruwa. Ya nuna mini hatimi a bayanta, hoton harshen wuta da jerin lambobi a ƙarƙashi. Ya ce ba ado ba ne. Kowace lamba shaida ce ta gwaji, wata ta kamawar wuta, wata ta taɓa abu mai zafi, wata ta fantsamar narkakken ƙarfe. Daga ɗaya zuwa huɗu ake ba da maki, kuma a layinmu ba ya yarda da mai ƙaramin maki, balle marar hatimi. Ya ce duk da haka bari mu gwada, kada a ce ya raina kayan gida.

Ya sa aka ɗauko guntun ƙarfe mai zafi, ya ɗora a kan ta waje. Ta yi baƙi a wurin, shi ke nan. Ya ɗora a kan ta Kawu. Sadiya, ina tsaye ina kallo man ya fara hayaƙi, fatar ta nannaɗe ta ƙanƙance kamar ganda a wuta. Ji na yi kamar a cikina aka ɗora ƙarfen.

Wilson ya ce jimar bagaruwa ba ta jure zafi irin wannan, ta waje da wani magani dabam ake jeme ta. Man da aka murza mata kuma yana jawo zafi ciki. Sannan safar bakin wuta dole ta zama sakwaf, yadda in ta ɗau zafi za ka yarfe hannu ta fita. Wato duk abin da Kawu ya yi don ya kyautata, laushin, da man, da kamun hannun, da maɗaurin, su ne aibinta a wurinmu. Laifina ne, ni ma ban san haka ba, balle in faɗa masa. Wilson ya dafa ni ya ce, "Zakari, wannan ta zuwa biki ce. Abeg, kada in gan ta kusa da wuta."

Yaya zan yi in gaya wa Kawu? Mutumin da kika ce yana waƙa? Na gudu daga sana'arsa, na dawo na kai ta gaban baƙi an ƙona. Ba zan iya ba. Ki ce masa kowa ya yaba aikin, kuma magana tana hannun manya. Ba ƙarya a ciki. Sannu a hankali zancen zai bi ruwa.

Naki,
Zakariyya'u.


Sakkwato,
9 ga Agusta, 1999.

Zakari,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, sai ƙaramin da ke haƙori. Na karanta wasiƙarka a aji, sai da na fita waje na share ido.

Na yi yadda ka ce, kuma na yi nadama. Na ce masa kowa ya yaba, magana tana hannun manya. Kai ka san Baba. A wurinsa in aka yaba kaya an saya ke nan, saura ciniki. Kafin magariba duk shiyar nan ta ji cewa kamfanin Kaduna ya ɗauki aikin Bello Baduku. A ƙofar masallaci aka yi ta yi masa barka. Tsofaffin da suka daina leƙo rumfa sun dawo da tabarminsu.

Bai tsaya nan ba. Ya ce kafin oda ta zo gara hannu ya saba, ya ci gaba da ɗinki. Anas mai walda ya zo ya karɓi tasa, ya gaya wa abokan aikinsa, su ma sun zo. Maƙera biyu sun karɓa, da mai gidan burodin bakin kasuwa. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Irin wagga ɗana ka aiki da ita gaban wuta Kaduna." Ni ina zaune ina zura zare, ina ji.

Ga kuma saƙonsa. Ya ce ka yi aiki da taka wata guda, sannan ka aiko masa da ita. Ka san al'adarsa, ko takalmi ya yi wa mutum sai ya ce a dawo da shi ya ga inda ya ci. Ya ce fata ba ta ƙarya, in ya shafa zai san inda awartaki ke gugarka, da yatsan da ya fi wahala, sai ya ƙara kauri a wurin. Kada ka yi tunanin goga ta a ƙasa ka aiko. Mutumin da ke shinshina fata ya gaya maka garin da akuyar ta fito ba za ka yi masa wannan ba.

Ni a ganina mu faɗa masa gaskiya tun abin bai fi haka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma daga bakinka ya kamata ta fito, ba nawa ba. Ka rubuto masa da hannunka, ni zan karanta, in zauna kusa da shi har ya huce.

Sadiya.


Makera, Kaduna,
24 ga Agusta, 1999.

Sadiya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Allah Ya ba yaro sauƙin haƙori.

Na gode da kika riƙe mini amana. Na zauna zan rubuta wa Kawu, na yaga takarda ta fi a ƙirga. Yanzu da har an yi masa barka a ƙofar masallaci, in na faɗa ai na tsiraita shi gaban shiya. Ki ƙara mini lokaci.

Na sami dabara. Wani lokaci ana tura mu fili, inda ake ɗaure rodin da ya huce ana loda wa manyan motoci. Can ba wuta, Wilson ma ba ya cika zuwa. Zan riƙa sa safar Kawu a can, ta sha ƙarfe da gumi na gaske, in aiko masa ya shafa ya ji daɗi. Bayan nan sai in ce kamfani ya fasa saboda wani dalili nasu. Masu walda kuwa ki ja Anas gefe ki ce ya yi hattara.

Kada ki damu, bawanki ya san aikinsa. Kin ga yau har na yarda ni ne bawan, don dai ki yi shiru.

Zakariyya'u.


Sakkwato,
28 ga Satumba, 1999.

Malam Zakariyya'u na Kaduna,

Sallama irin ta addinin Musulunci. In kana da sha'awar sani, muna nan da rai.

Wata ya wuce, ba safa, ba wasiƙa. Na rubuto maka farkon watan nan, shiru. Duk ranar da motar Kaduna ta shigo sai Baba ya aiki a tambayi direba. Jiya da kansa ya je tasha, da sanda, ya dawo ko abincin rana bai taɓa ba.

Na gane dabarar taka. Ka kunna wuta ka koma gefe, ka bar ni da hayaƙi. Ka ga abin ya yi nauyi sai ka yi abin da ka saba, ka ɗauke ƙafa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba a kan tsohon da ya goya ka za ka gwada ba. Na yi wa Anas magana kamar yadda ka ce, ya yi mini dariya, ya ce kamfanin Kaduna ya fi ni sanin wuta. Me zan ce masa?

Wannan ba wasan taubasai ba ne, raina a ɓace yake. In kunyar Baba kake ji, ka ji tsoron Allah ka rubuto ko layi biyu ne.

Sadiya Bello.


Makera, Kaduna,
8 ga Oktoba, 1999.

Yaya Sadiya,

Assalamu alaikum. Ni ce Maryam. Ina gaishe ki da Kawu da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe biro ba. Wasiƙunki biyu sun iso. Ta biyun na karanta masa a gadon asibiti, ya juya fuska bango.

Ba ɗauke ƙafa ya yi ba, Yaya. Hannunsa na dama ne ya ƙone, tun farkon Satumba. Ya hana ni rubutowa, ya ce sai ya warke ya rubuta da kansa. Yau na ce ko ya yarda ko bai yarda ba.

Ga yadda Istifanus, abokin aikinsa, ya gaya mini. Suna fili suna ɗaurin rodi, yana sanye da safar Kawu. Aka kawo wani tari daga ciki, ya yi baƙi kamar ya huce, ashe da sauransa. Ya kai hannu ya damƙa. Istifanus ma ya taɓa, amma shi tasa ta kamfani ce, yana jin ɗumi ya yarfe ta faɗi. Shi maigida kuwa fatar ta tsuke a hannunsa nan take. Ya yi ta yarfewa ta ƙi fita, ga maɗauri a wuya. Sai da Istifanus ya sa wuƙa ya yanke ta, kafin nan ta gama aikinta. Mista Wilson ne ya kai shi asibiti a motarsa, yana tuƙi yana yi masa faɗa yana share hawaye. Matarsa Christy kusan kullum sai ta kawo mana abinci, Allah Ya biya su.

An ɗebi fata a cinyarsa an dasa a tafin. Likita ya ce yatsu ba za su tafi ba, alhamdu lillahi, amma biyu na ƙarshe da wuya su sake lanƙwasuwa sosai. Ni ke ba shi abinci, ni ke yi masa alwala. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Har yanzu maganarsa ɗaya ce, kada Kawu ya sani, wai a ce inji ne ya kama shi. Na ce masa ni ba zan yi wannan ƙarya ba. Ina ganin girman Kawu, kuma na san don ƙauna ya ɗinka. Amma kin ce akwai masu walda da maƙera da suke sa irinta a can. Su ma suna da mata. In wata ta zauna inda nake zaune yau, muna sane muka yi shiru, me za mu ce wa Allah?

Yaya, ki gaya masa. In ba za ki iya ba ki aiko mini, in bar shi wurin Christy in hau mota in zo in durƙusa gaban Kawu in faɗa da bakina.

Ya ce in ce miki bai yi fushi da wasiƙarki ba, wai dama baiwa ba ta da ladabi.

Ƙanwarki,
Maryam.


Sakkwato,
19 ga Oktoba, 1999.

Zuwa ga Zakariyya'u da Maryam,

Wa alaikumus salam. Zakari, sannu. Sannu ƙwarai. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka yafe mini wasiƙar nan tawa, da na san inda za ta same ka da hannuna ya bushe kafin in rubuta ta. Maryam, Allah Ya yi miki albarka, kin fi mu duka zuciya.

Na gaya wa Baba. Ranar da wasiƙar ta zo ban ko koma gida ba, na wuce rumfa. Na karanta masa ta Maryam, sannan na gaya masa gwajin da Mista Wilson ya yi tun watan Yuli, da yadda muka haɗa baki muka rufe shi. Na zaci zai faɗi ko ya zage ni. Tambaya ɗaya ya yi, ko yatsun suna nan. Na ce suna nan. Ya yi hamdala, ya ɗauki safa ɗaya daga cikin waɗanda ya gama, ya ɗauki sandarsa ya fita. Na bi shi a baya.

Maƙera ya nufa, wurin abokinsa na ƙuruciya. Ya ce a sa masa ƙarfe a wuta, a fitar, a bari ya yi baƙi. Ni na zaci ɗorawa zai yi a kan safar ya gani, kamar yadda Wilson ya yi. Ina waiwayawa ashe ya zura hannunsa na dama ciki har ya ja maɗauri da haƙori. Kafin in yi ihu ya damƙi ƙarfen. Zakari, na ga abin da Maryam ta rubuta da idona. Fatar ta tsuke, ya yarfe ta ƙi fita. Maƙerin ne ya fizgi hannun ya tsoma a ruwa. Ina kuka ina cewa Baba don me, shi kuwa yana kallon hannun cikin ruwa. Ya ce, "Ashe haka yaj ji."

Kada hankalinka ya tashi, tasa ba ta kai taka ba. Tafin ne ya saɓule, an wanke an naɗe a asibiti, sun ce zai warke.

Daga asibiti bai yarda mun koma gida ba. Da hannu a naɗe ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Anas da abokansa, maƙeran nan, mai burodi, ya karɓe kayansa. Anas ya so ya yi gardama, Baba ya ɗaga masa hannun, nan take Anas ya miƙo. Bayan la'asar kuma, maigidana ya ba ni labari, liman na sallamewa Baba ya miƙe a ƙofar masallaci, inda aka yi masa barka. Ya ce kamfanin Kaduna bai ɗauki aikinsa ba, an gwada ya faɗi, kuma safar da ya ɗinka ta ƙone ɗansa. Ya ce shi fatar sirdi da ta takalmi ya sani, wutar kamfani ba iliminsa ba ce, duk wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Maigidana ya ce ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin nan har rumfa suka rako shi, kuma yau ma suna can zaune.

Ya ce a gaida Mista Wilson, a ce masa ya yi gaskiya, kuma yana so in ya zo a nuna masa hatimin nan mai lambobi. Kai kuma ga naka, ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara:

"Ki gaya mai, da yar rubuto yac ce Kawu aikinka bai yi ba, da na yi fushi kwana biyu in huce. Ni na goya shi, ban goya shi don ya tsare min suna da naman jikinai ba. Abin da yaƙ ƙona hannunai don ya ɓoye, na faɗe shi da bakina gaban jama'a, ga ni kuma ban mutu ba. Suna ya faɗi a tashe shi. Yatsa fa, wa ka ɗinka min shi?"

Daga nan ya ce in rufe takarda.

Ranar Asabar za mu taso a motar safe, ni da shi. Na ce ya bari hannun ya yi sauƙi, ya ce ba da hannu zai zauna a mota ba. Ya ce a kusa da kai za a yi masa shimfiɗa, kuma kwano ɗaya za ku ci, kamar da. Na tuna masa cewa daga shi har kai ba mai hannun dama. Ya ce to Maryam ta nemo cokali biyu.

Taku,
Sadiya.